Amsoshin Tambayoyinku: Wane Salo Ya Dace da Bishiyata ta Bonsai?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Tun makon da muka taɓo zancen bonsai, fasahar nan ta renon bishiya a cikin ɗan kasko har ta tsufa ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba, saƙonni suke ta shigowa, wasu ta wasiƙa, wasu ta WhatsApp har da hotuna. Tambayoyi tuli, lokaci kaɗan. Tare da ni akwai baƙinmu na wancan makon: Malam, gwanin gyaran siffar waɗannan bishiyoyi, da Hajiya, masaniyar reno da dashen itatuwa. Barkanku da zuwa.

Malam: Barka kadai.

Hajiya: Yauwa, barkanmu dai.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro daga Zariya ya ce ya ga ana tallar irin bonsai a intanet, ƙwaya goma a ɗan ƙulli. Ya saya?

Hajiya: Ya riƙe kuɗinsa. Babu wani iri na musamman. Ƙwallon tsamiyar da aka zubar bayan an dama kunu, shi ma iri ne. Datse rassa, rage saiwa da ƙanƙantar kasko su ne suke riƙe bishiyar a ƙanƙance. Ka ciro ta ka dasa a gona, za ta kamo iyayenta a girma.

Mai gabatarwa: Ka ji, ɗan Zariya. Daga Agadas kuma ana tambaya: mutanen Japan ne suka ƙirƙiro abin?

Malam: Daga ƙasar Sin suka karɓo shi, inda ake ce masa penjing. Akwai zanen bango a kabarin wani yarima na daular Tang, na shekarar 706, da ke nuna bayi ɗauke da irin waɗannan kasake. Mutanen Japan su suka tsara shi, suka raba shi salo-salo. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, masu sana'ar suka ƙaura zuwa Omiya, wani gari a arewa da Tokyo, suka kafa unguwarsu a 1925, tana nan har yau. Babban baje kolinsu kuma, Kokufu, tun 1934 ake yin sa. In ka duba bishiyoyin da ake kai wa wannan baje koli...

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, in na bar ka a Omiya sai an rufe tashar ba ka dawo ba. Ga tambayar da ta fi yawa a jakar. Daga Kano ta zo, daga Damagaram ta zo, Kumasi da Garwa ma haka, lafazi ne kawai ya bambanta. Zan karanta ta wata baiwar Allah daga Kaduna, domin ita ta auna bishiyarta ta haɗo da hoto. Ta ce: "Na sayi cediya wurin masu sayar da fulawa, tana cikin baƙar leda. Tsawonta santimita 60, kaurin gindinta santimita 4. Wajen santimita 15 daga ƙasa gangar ta rabu biyu, kaurinsu kusan ɗaya, kuma ta ɗan karkata hagu. Ni salon nan nake so mai zubowa ƙasa daga bakin tukunya, na gan shi a hoto ya burge ni. Maigidana kuma ya ce a bar ta a miƙe. Wanne zan bi?" To Malam, shari'ar cikin gida aka kawo maka.

Malam: Allah ya ƙara zaman lafiya. Ni ba zan goyi bayan kowa ba, don su biyun sun yi riga malam masallaci. Da salo suka fara, alhali salo shi ne ƙarshen abin da ake yankewa. Abin da ake fara dubawa shi ne wanda ba ya sauyuwa da sauƙi. Ganyen cediya in ka tsinke, mako uku ya dawo. Reshe kuma damina ɗaya ko biyu ka samu wani. Amma saiwar gindi da lanƙwasar farko ta ganga, waɗannan sai an ci shekaru. Shi ya sa daga ƙasa ake karanta bishiya a hau sama.

Ta ajiye almakashi tukuna. Ta naɗe bakin ledar, ta ɗauki tsinke mai kauri ko tsohon burushin haƙori, ta riƙa kwashe ƙasar saman a hankali, santimita 2, 3, wani lokaci har 5, sai ta iske inda manyan saiwoyi suka fara bazuwa daga gindi. Masu reno suna yawan binne gindi da zurfi, sai kyan bishiyar ya ɓuya a ƙasa. Wannan bazuwar saiwa ita ake kira nebari, kuma ita ce take sa ido ya yarda cewa bishiya ce tsohuwa da ta riƙe ƙasa, ba sanda aka soka a tukunya ba. Sau da yawa ma in an tona, gindin da aka auna santimita 4 sai a tarar ya kai 6.

Daga nan ta ɗora ta a kan tebur ko bulo, gindin ya zo daidai idonta, ta sa farin bango ko zane marar ado a baya. Ta riƙa juya ta kaɗan-kaɗan har ta zagayo. Fuskar bishiyar take nema. Fuska ita ce gefen da saiwa ta fi buɗewa hagu da dama, ba tare da wata babba ta nufo mai kallo kai tsaye ba. Ita ce gefen da lanƙwasar ganga ta fi fitowa, tana tafiya hagu da dama, ba ta turo ciki gaba ba. Sannan kan bishiyar ya ɗan sunkuyo wajenka, kamar yaron da ya rusuna zai gai da babba. In kan ya kwanta baya, sai ka ga bishiyar tana gudun mai kallo. In ta samu wannan gefen, ta soka tsinke a ƙasa ta gabansa don kada ya ɓace mata.

Bai ƙare ba. Ta samo dutse ko guntun katako ta tokare ledar ta gefe guda, ta karkata ta digiri 15, ta duba. Ta ƙara zuwa 30, har 45, ta hagu, ta dama, ta gaba. Yadda mai reno ya dasa ta ba wahayi ba ne. Bishiyar da ba ta da fasali a tsaye, karkatawar digiri 20 kan fito da ita. Kowace kusurwa ta ɗauki hoto da waya, domin hoto yana tona aibin da ido ya saba da shi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda wanda ke tuƙi ko wadda ke gaban murhu. A tona gindi a ga saiwa. A juya a samo fuska. A karkata a gwada kusurwa. Duk wannan ba a yanke ko ganye ɗaya ba.

Malam: Ko ɗaya. To yanzu sai gangar ta faɗa maka salonta. In ta miƙe sar daga gindi har kai, tana sirancewa a hankali, saiwa ta zagaye ta ko'ina, wannan cokkan ne, miƙaƙƙen salo. Mutane suna ɗauka shi ne mai sauƙi, nan kuwa ya fi kowanne wuya, don ba shi da wurin ɓoye aibi. In gangar tana lanƙwashe-lanƙwashe, manya a ƙasa, ƙanana a sama, amma kan ya dawo saitin gindi, moyogi ke nan, kuma yawancin bishiyoyin da ake saye a leda nan suke faɗawa. In duk jikinta ya jirkice gefe guda, kusurwarta da ƙasa tsakanin digiri 60 zuwa 80, kan bai dawo saitin gindi ba, shakan ne. Shi wannan yana son saiwa mai ƙarfi a ɓangaren da ta baro, in babu sai ta yi kama da wadda ke shirin faɗuwa. Akwai bunjin, doguwar siririyar ganga mai 'yan rassa can sama. Akwai salon tsintsiya, hokidaci, inda miƙaƙƙiyar ganga take tarwatsewa zuwa ƙananan rassa masu yawa a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayinta. Sai wanda 'yar'uwarmu take so, kengai, mai zubowa har ƙasa da gindin tukunya, da ƙaninsa han-kengai da ke tsayawa wajen bakin tukunya ko ƙasa kaɗan.

Mai gabatarwa: To ita tata fa? Tana can ta kasa kunne, maigidan ma na san bai yi nisa ba.

Malam: Mu yi lissafi. Ma'aunin da ake bi shi ne tsayi ya zama kamar ninki shida na kaurin gindi, a ɗan sassauta har ninki goma. Huɗu sau shida, 24. Huɗu sau goma, 40. Tata 60 ce. Ke nan ta yi tsawo, za ta yi kama da matashiyar bishiya komai gyaran da aka yi mata. Matsala ta biyu ita ce gwafar nan. Ganga biyu masu kauri ɗaya da suka rabu a santimita 15, ido ba ya sanin wacce zai bi. Akwai salon tagwayen ganga, sokan, amma shi daga gindi ake rabuwa, dab da ƙasa, kuma dole ɗaya ta fi ɗaya kauri da tsawo. Nata bai cika wannan sharaɗi ba. Saboda haka ɗaya za ta tafi.

Wacce? Daga fuskar da ta zaɓa, ta bi layin ganga da yatsa tun daga ƙasa. Wadda ta ci gaba da layin ta ba shi lanƙwasa mai daɗi, ita za ta zauna. In da hali, wadda za a cire ta zama ta baya, don tabon ya ɓuya. Kafin ta yanke, ta rufe ta da farin ƙyalle ko takarda, ta ja baya taku uku ta duba. Ta sauya ta rufe ɗayar. Ta bar shi haka kwana biyu ma in ta ga dama, bishiya ba gudu za ta yi ba. Wadda ta rage kuma a rage mata tsawo a wajen santimita 30 zuwa 35, a yanke dab da saman wani ɗan reshe mai kallon sama, a ɗaga shi da waya ya zama sabon kai. Yankan a jirkice, fuskarsa ta kalli baya. Ta haka ake samun sirancewar nan: gindi mai kauri, tsakiya madaidaiciya, kai siriri. Da karkatar hagun da take da ita tun asali, abin da zai fito moyogi ne ko shakan.

Mai gabatarwa: Ke nan mai zubowar ya faɗi?

Malam: A kan wannan bishiyar, ya faɗi. Kengai yana son lanƙwasa mai kaifi tun kusa da gindi, ko wani reshe mai ƙarfi can ƙasa da zai zama jela. Ganga mai kaurin santimita 4 da ta miƙe har santimita 15 ba ta lanƙwasuwa haka, tsagewa za ta yi. Sannan bishiya da ɗabi'arta sama take tura ƙarfinta. Jelar da ke rataye a ƙasa kullum ita ce mai rauni, sai an yi ta aske saman ana barin ƙasan, in an yi sakaci jelar ta bushe. Ga doguwar tukunya, ga teburi mai tsawo da za a ɗora ta. Ba aikin farawa ba ne.

Amma kada ta jefar da gangar da za a cire. Tun tana jikin uwar, ta feƙe ɓawonta zagaye, faɗin zoben kamar kaurin gangar ko ya ɗan fi, ta kankare santsin da ke kan itacen sosai don kada ɓawon ya sake haɗewa. Ta lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen gashin kwakwa ko gansakuka, ta naɗe da leda ta ɗaure sama da ƙasa. Da damina, mako shida zuwa takwas za ta hango farar saiwa ta cikin ledar. Ta yanke ƙasa da saiwar ta dasa. Cediya ba ta da gardama a nan, mutanenmu ma reshe suke sarowa su kafa a ƙofar gida ya kama. Wannan sabuwar sai ta dasa ta a kwance, ta ja ɗanyen reshenta ƙasa tun yana da taushi, ta yi mai zubowarta.

Mai gabatarwa: Allahu akbar. Uwargida ta samu, maigida ya samu rabi. Hajiya, na ga kina girgiza kai.

Hajiya: Ban ƙi maganar Malam ba, amma ya yi saurin kai hannu ga zarto. Abu na farko, lafiyar bishiyar. In ganyenta ya yi rawaya, ko ba ta fitar da sabon toho, ba a yi mata komai sai ruwa da taki da rana. Bishiya mai rauni in ka sare ta, ba ta da abin da za ta mayar da martani da shi. Na biyu, lokaci. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar babban yanka sai farkon damina, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sa'ad da iska ta yi laima. Da hunturu girma yana ja baya, iska tana busar da bakin yanka. Da zafin Maris da Afrilu kuma rana tana ƙone ɓawon da ganye ya saba rufewa. Na uku, kuma nan ne na fi bambanta da shi: in tana son gindi mai kauri, kada ta yi gaggawar sa ta a kasko. Ganga kusan ba ta ƙara kauri a ƙaramin kasko. Ta dasa ta a ƙasa ko a babban baho mai huji, ta shimfiɗa tayil ko faffaɗan dutse a ƙarƙashin saiwar don ta bazu gefe maimakon ta nutse. Ita gangar ta biyun ma a bar ta shekara guda tana girma yadda ta so, tana ciyar da gindin, daga baya a cire.

Malam: Da sharaɗi, Hajiya. In aka bar su biyun suka daɗe, mahaɗar za ta kumbura ta fi gindin kauri, kuma wannan aibi ne mai wuyar gyara.

Hajiya: Shi ya sa na ce shekara guda, ana dubawa. Da ta ga mahaɗar ta fara kamo gindi, ta yanke.

Mai gabatarwa: Sun daidaita. To rassa fa, Malam? Masu tambayar nan da yawa sun ce ba su san wanne za su bari ba.

Malam: Reshen farko, mafi kauri, a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayi, yana fita hagu ko dama. Na biyu a ɗaya gefen, sama da shi. Na uku a baya, shi yake ba bishiya zurfi, in babu shi sai ta zama shafaffiya. Haka ake hawa, tazarar tana raguwa, kaurin yana raguwa. Reshe daga bayan lanƙwasa yake fita, ba daga cikinta ba. Waɗanda ake cirewa kuwa: biyu da suka fito saitin juna a tsayi ɗaya, a bar guda, don suna kumbura wurin. Wanda ya tokaro idon mai kallo a ƙasan bishiya. Wanda ya gitta gaban ganga. Wanda ya miƙe sama sar ko ya rataya ƙasa sar. A shakan, reshen farko yakan koma ɓangaren da bishiyar ta baro don ya daidaita nauyi. Kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a zama ɗaya. In kana shakka a kan reshe, bar shi. Gobe kana iya cirewa, amma ba ka iya mayarwa.

Mai gabatarwa: A sake ji: kashi ɗaya cikin uku, ba fiye ba, kuma mai shakka ya bari. Wani daga Maraɗi ya ce yana da kuka 'yar shekara uku da gawo, yana so ya yi musu siffar dala mai tsini irin ta hotunan Japan.

Hajiya: Haba ɗan'uwa. Ka taɓa ganin kuka mai tsini a dajin Allah? Waccan siffar ta matsu ce, itacen ƙasar sanyi mai siririn ganye, wanda dusar ƙanƙara take danne wa rassa. Masu bonsai na Afirka ta Kudu sun daɗe da gane wannan, suka fitar da salon kuka, mai ƙatuwar ganga da gajerun rassa a sama, da salon shimfiɗaɗɗen kai na itatuwan ƙaya, har da wanda suka sa wa sunan wani mai zane ɗan ƙasarsu, Pierneef. Fita bayan gari ka dubi tsohuwar kuka, ka ɗauki hotonta, ita ce malamarka. Kuma in ta zubar da ganye da rani, ka janye mata ruwa kusan gaba ɗaya, in ba haka ba gindin ya ruɓe. Shi kuwa gawo, ai abin mamaki ne, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa manoma suke barin sa a tsakiyar gona, gero yana samun rana, ganyen ya zama taki, dabbobi kuma su ci 'ya'yan...

Mai gabatarwa: Hajiya, a kasko dai.

Hajiya: A kasko yana da wuya, saboda doguwar saiwarsa mai nutsewa. A riƙa rage ta kaɗan-kaɗan tun yana ƙarami, ba a sare ta lokaci guda ba. Mai farawa ya kama tsamiya, ko rumman, ko lalle, masu ƙananan ganye da jure aski.

Mai gabatarwa: Daga Njamena, wani ya ce ya naɗa wa reshe waya, bayan wata uku ya tarar ta nutse cikin ɓawo. Kuma wace irin waya ake sa wa?

Malam: Wata uku da damina a jikin cediya ya yi yawa. Duk mako a duba, yawanci mako huɗu zuwa shida ta fara cizo. In ta fara, a datse ta gunduwa-gunduwa da filaya, kada a warware, warwarewa tana karya toho tana ɗaye ɓawo. In reshen bai zauna ba, a sake naɗa sabuwa a gefen shatar tsohuwar. Wayar alminiyam ta fi sauƙi ga mai koyo, kaurinta kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen: reshe mai milimita 6, waya mai milimita 2. In babu, a feɗe wayar lantarki ta jan ƙarfe, a gasa ta a wuta har ta yi ja, a bar ta ta huce, za ta yi laushi. Ita ta fi riƙo, don haka siririya ta isa. Wayar ƙarfe ta magina kuwa a'a, tsatsa take yi. Tsawon da za a yanka, ninki ɗaya da rabi na reshen. A naɗa a kusurwar digiri 45, tana taɓa ɓawo ba ta shaƙe shi ba. Waya ɗaya ta kama rassa biyu masu kauri ɗaya, ta zagaya ganga a tsakaninsu, ta haka take samun madogara. Wajen lanƙwasawa, manyan yatsu a cikin lanƙwasar, sauran a bayanta, a tafi a hankali, sau ɗaya. Kai da komo yana raba ɓawo da itace, bayan mako biyu ka ga reshen ya bushe ba ka san dalili ba. In reshen mai kauri ne, a fara naɗe shi da jiƙaƙƙen zaren tukurwa, kuma a hana bishiyar ruwa kwana ɗaya kafin aikin, ta fi taushi. Boganbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, kam kada a matsa mata, tsohon reshenta ƙaras yake karyewa. Ita aski ya fi mata: a bar reshe ya yi tsawo, a datse a bar ganye biyu, sabon tohon ya sauya hanya.

Mai gabatarwa: Saura mintoci kaɗan, gajeru-gajeru don Allah. Daga Jos: zan iya yin farin busasshen reshe a jikin cediya irin na hotuna?

Malam: A'a. Itacenta taushi gare shi, ruɓewa zai yi. Wannan adon na matsu ne da shimpaku, wani itacen Japan, masu itace mai mai.

Mai gabatarwa: Daga Katsina, wani yana so a kawo masa momiji, itacen Japan mai jan ganye, daga waje.

Hajiya: Asarar kuɗi. Tana bukatar sanyin hunturun ƙasarsu ta yi barci, zafin Katsina zai gama da ita.

Mai gabatarwa: Daga Sakkwato: kariya tana shiga bonsai?

Hajiya: Masu tsaurin ra'ayi suna cewa a'a, ni na ce ta shiga. Kyanta a kumburarren gindi yake, duk dashe a ɗaga shi santimita 1 ko 2 sama da ƙasa. Ruwan jikinta dafi ne, a wanke hannu, a kau da yara.

Mai gabatarwa: Daga Tamale: in na yi bonsai da mangwaro, 'ya'yan za su ƙanƙance?

Hajiya: Ganye yana raguwa, 'ya'ya da fure ba sa raguwa sosai. Mangwaro ganyensa ma ya yi girma. Ya nemi rumman.

Mai gabatarwa: Wannan kuma daga Bauci yake, ya ce cikin shekara guda ya mai da tsamiyarsa miƙaƙƙiya, ya koma karkatacciya, yanzu yana son mai zubowa, kuma ganyenta ya fara zuba.

Malam: Kai jama'a! Bawan Allah, ka ji tausayin tsamiyar nan baiwar Allah. Cire wayar duka, sa ta inda take samun ranar safe da inuwar yamma, kada ka taɓa ta sai damina mai zuwa. Babban aiki ɗaya a shekara: ko yankan rassa, ko yankan saiwa da sauya kasko, ba duka biyun a jere ba ga bishiyar da ta galabaita. Kuma ka zana siffar da kake so a takarda ka liƙa a bango.

Mai gabatarwa: Ka sha faɗa, amma da gaskiyar Malam. Daga Yamai: wane kasko?

Malam: Sai salo ya zauna ake sayen kasko. Tsawonsa kashi biyu cikin uku na tsayin bishiya, zurfinsa kamar kaurin gindinta, amma a zafinmu a ƙara zurfi kaɗan don kada ya bushe kafin azahar. Miƙaƙƙen salo, kasko mai kusurwa huɗu. Mai lanƙwasa, mai siffar ƙwai. Bunjin, ɗan ƙarami zagayayye. A dasa ta ɗan gefe, ba tsakiya ba, filin ya fi yawa ta inda ta karkata. Huji manya a ƙasa, cikinsa kuma farfasasshen jan bulo da aka tankaɗe, ƙwaya milimita 2 zuwa 6, da tsakuwa da ɗan ruɓaɓɓen taki.

Mai gabatarwa: Wata ɗaliba daga Gusau: shekara nawa bonsai take yi?

Malam: Akwai matsu da ake reno tun 1625, tana Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945 ta tsira, aka ba Amurka kyautarta a 1976, tana birnin Washington.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, daga Daura. Ya ce ya gama zaɓen fuska, ya naɗa waya, akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye kan bishiyar.

Hajiya: Akuya ta riga ta zaɓa masa salo. Ya gyara bakin wurin da wuƙa mai kaifi don kada ya ruɓe, ya jira mako uku zuwa huɗu, toho zai fito ƙasa da yankan. Ya bar su su yi tsawon yatsa, ya zaɓi mafi ƙarfi mai kallon sama ya zama sabon kai, ya cire sauran da suka fito wuri ɗaya. Sannan ya ɗaga kaskon kan teburi.

Mai gabatarwa: Ya kuma gyara ƙyauren gidan. Injiniya yana ta ɗaga mini hannu. Waɗanda ba mu kai ga nasu ba, musamman masu tambaya kan dasa bishiyoyi da yawa a kasko ɗaya, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa. Mai turo hoto ya ɗauko daga gefe huɗu, gindin a tone, ya ajiye kwalin ashana kusa da shi don mu gane girmansa. Malam, Hajiya, mun gode. Jama'a, a huta lafiya.